Ba a Fafe Gora Ranar Tafiya: Shirin Jarrabawar Ingilishi ga Yaranmu na Kwaleji

Wannan shi ne jawabin da mai fassara na ofishin kariya ya yi a taron iyaye da malamai. Mun buga shi saboda waɗanda ba su samu halarta ba. Wanda ya iya karatu ya daure ya karanta wa maƙwabcinsa.



Iyayena maza da mata, malamanmu, shugabannin unguwanni, da ƙannena 'yan makaranta da ke zaune can baya, barkanku da zuwa. Yawancinku kun san ni a ofishin kariya, inda aikina shi ne in ɗauki maganarku in mayar wa jami'a da Ingilishi, in ɗauko tata in mayar muku da Hausa. Yau maganar tawa ce da kaina. Ni ba malamin makaranta ba ne, iyakar karatuna sakandare. Ga malamai nan zaune, in na kauce su gyara mini.

Bari in fara warware wata kalma. Can gida in an ce Turanci, Ingilishi ake nufi. Nan Nijar kuwa sau da yawa in mutum ya ce Turanci, Faransanci yake nufi. Don kada mu rikice, zan riƙa cewa Ingilishi.

Abin da ya sa na roƙi a ba ni wannan dama shi ne, kwanakin baya wani dattijo ya zo ofis riƙe da takardar sakamakon ɗansa, ransa a ɓace. Yaron ya samu maki 6 bisa 20 a Ingilishi. Ya ce mini: "Ɗana, yaron da ya taso a Najeriya, ya yi firamare da Ingilishi, ta yaya zai faɗi Ingilishi a ƙasar Faransanci? Malamin nan dai ba ya son baƙi." Na ce: "Baba, a kira yaron." Da ya zo na gaishe shi da Ingilishi, ya amsa tsaf. Sai na ba shi biro da takarda na ce ya rubuta mini layi biyar a kan abin da ya yi jiya. Ya fara da "Yesterday I go to market", ya rubuta layi biyu da rabi, ya tsaya. Na ce wa dattijon: "Baba, malami bai zalunce shi ba. Yaron yana jin Ingilishi, amma bai saba rubuta shi ba, jarrabawa kuwa rubutu take dubawa."

Maganar da na zo da ita ke nan. Mu da muka baro Sakkwato da Zamfara da Katsina tun daga 2019 muka zauna a jihar Maraɗi, muna ɗauka Ingilishi gadonmu ne. Gaisuwa da cinikin kasuwa ana iya tsintarsu a hanya. Ingilishin jarrabawa sai an zauna an yi ta gwaji, kullum kaɗan-kaɗan. Kuma uwa ko uba, ko bai taɓa shiga aji ba, yana da aikin da zai yi a ciki.

Ga yadda tsarin yake a nan. Kwaleji shekara huɗu ce, kuma ana ƙirga azuzuwan ne da baya: 6e shi ne na farko, sai 5e, sai 4e, sai 3e na ƙarshe. A ƙarshen 3e ake zana jarrabawar BEPC. Yaran gari suna fara Ingilishi ne a 6e, daga a, b, c. Namu kuwa suna shigowa sun riga sun san wani abu, sai su ci maki mai kyau a shekarar farko ba tare da sun sha wuya ba, su miƙe ƙafa. Kafin a kai 4e, yaron garin da ke haddace darasinsa kullum ya kamo su, ya wuce.

Wannan asara ce babba, ga dalili. Lissafi da tarihi da kimiyya duk da Faransanci ake koyar da su, kuma a nan ne yaranmu suke shan wahala, tunda da girmansu suka tarar da harshen. Ana haɗa makin darussa ne a fitar da matsakaici, ana neman 10 bisa 20. Ingilishi shi ne wurin da ɗanmu zai iya ɗebo maki 15 ko 16 ya cike giɓin da Faransanci ya bari. In ya bar wannan ma ya zube, me zai tallafe shi?

Amfaninsa bai tsaya ga BEPC ba. In Allah Ya kawo zaman lafiya muka koma gida, yaro zai tarar da jarrabawar BECE a ƙarshen JSS 3, gaba kuma ga WAEC da NECO, kuma jami'a a Najeriya ba ta ɗaukar ɗalibin da ba shi da kiredit a Ingilishi. In kuma zama ya yi tsawo a nan, ku sani a 2025 hukumomin Nijar sun ayyana Hausa a matsayin harshen ƙasa, Ingilishi da Faransanci kuma harsunan aiki. Yaron da ya haɗa ukun nan bai rasa abin yi ba. Akwai kuma tallafin karatun jami'a na DAFI, wanda ƙasar Jamus ta fara ɗaukar nauyinsa tun 1992 domin 'yan gudun hijira, amma sai wanda ya gama sakandare da sakamako mai kyau yake iya nema. Gonakinmu da dabbobinmu mun baro su. Abin da ke cikin kan yaro ba a tare shi a kan iyaka.

To, me takardar Ingilishi take tambaya? Ko a nan ko a gida, abu uku ne ba sa rasawa. Na farko, a ba yaro ɗan labari ya karanta ya amsa tambayoyi a kansa. Na biyu, nahawu da kalmomi: a cike gurbi, a zaɓi kalmar da ta dace, a juya jimla zuwa tambaya ko zuwa korewa. Na uku, ya rubuta wani abu da kansa, wasiƙa ko ɗan bayani.

Ƙannena, yanzu da ku nake. A ɓangaren labari, yawancin makin da kuke zubarwa a kan kalmomi shida ne. "Who" wa, "what" me, "when" yaushe, "where" ina, "why" don me, "how" ta yaya. Ga misali: "My sister went to the borehole early in the morning because the queue is long at noon." Wato yayata ta je famfo da sassafe saboda layi yana tsawo da rana. In an tambaye ku da "where", amsa ita ce famfo. In da "when" ne, sassafe. In da "why" ne, ku nemi abin da ya biyo bayan "because". Na ga takardun da yaro ya kwafe jimlar gaba ɗaya a kowace tambaya, yana fatan amsar tana ciki. Mai gyara ba zai tsince muku ba. Ku fara karanta tambayoyin, sannan ku karanta labarin sau biyu, ku ja layi a ƙarƙashin inda amsa take.

A ɓangaren nahawu, akwai kurakuran da Hausarmu ce take jawo su, kuma in kun san su kun rage rabin aiki. A Hausa muna cewa na tafi, ina tafiya, zan tafi. Ɗan abin da ke gaba ne yake nuna lokaci. A Ingilishi kalmar aikin ce da kanta take sauyawa: "go" ta koma "went", "buy" ta koma "bought", "see" ta koma "saw", "eat" ta koma "ate". Waɗannan ba su bin ƙa'ida, sai hadda, kuma wanda ya haddace izu a makarantar allo ba zai ce biyar a rana sun fi ƙarfinsa ba. Sai ƙaramar "s" ɗin nan da ake mantawa: "I go" amma "she goes", "they work" amma "he works".

Akwai kuma kalmominmu masu ɗaukar kaya da yawa. Da "ji" ɗaya muke jin magana, mu ji wari, mu ji sanyi, mu ji Hausa. Ingilishi ya raba su: "hear", "smell", "feel", "understand". Muna shan ruwa, mu sha magani, amma a can ruwa "drink" ne, ƙwayar magani "take". Aro ma biyu ne: wanda ya karɓa "borrow", wanda ya bayar "lend". Sai "p" da "f", waɗanda bakinmu yake haɗawa. A magana ana yi mana uzuri, amma in ka rubuta "fan" inda ake son "pan", ka mai da kasko fanka.

Faransanci ma yana kafa nasa tarkon, domin akwai kalmomin da suka yi kama amma ba ɗaya ba ne. "Librairie" kantin sayar da littattafai ne, "library" kuwa ɗakin karatu. "Attendre" jira ne, "attend" halarta. A Faransanci "passer un examen" zaman jarrabawa ne kawai, a Ingilishi "pass" cin ta ne. Sunayen ranaku da watanni a Ingilishi da babban baƙi suke farawa, "Monday", "June", a Faransanci da ƙarami. Akwai wuri ɗaya da Hausa da Faransanci suka haɗa baki suka kayar da ku: muna cewa ina da shekara 15, su ma "j'ai 15 ans", sai ku rubuta "I have 15 years". Daidai shi ne "I am 15 years old".

Tunda an zo kan lambobi, bari in tona asirin kaina. Farkon fara aikina, wata baiwar Allah ta ce 'yarta shekararta 13. Na faɗa da Ingilishi, amma yadda na furta "thirteen" sai ya fita kamar "thirty". Aka rubuta 30. Da aka zo fitar da sunayen yaran da za a sa makaranta, babu yarinyar, tunda a takarda babbar mace ce. Sai da uwar ta yi ta zirga-zirga makonni kafin a gyara, laifin kuma nawa ne ni kaɗai. Tun daga ranar, duk lambar da na faɗa sai na rubuta ta a takarda na nuna. Ku bambanta 13 da 30, 14 da 40, 15 da 50, a baki da a rubuce. Abin da kuke gani ƙaramin kuskure ne, wata rana haƙƙin wani ne yake rataye a kansa.

Ɓangaren rubutu shi ne wanda aka fi bari fari fat saboda tsoro. Kada ku bar shi. Gajerun jimloli takwas masu daidai sun fi doguwa ɗaya da ta harɗe. In wasiƙa ce, a sa kwanan wata, a buɗe da gaisuwa, a faɗi abin da ya kawo ta, a rufe da suna. Ku yi gwaji da abin da kuka sani: ranar kasuwa, yadda ake dama fura, wasiƙa zuwa ga abokin da kuka rabu da shi. Kada ku haddace rubutun wani ku zo ku juye, domin in tambaya ta sauya kun tashi a tutar babu.

Yanzu ga tsarin da nake ba da shawara, rabin awa a rana, ba ƙari. Litinin, karanta ɗan labari da amsa tambayoyi. Talata, haddar kalmomin aiki biyar da sa kowace a jimla. Laraba, rubuta layi biyar a kan abin da aka yi jiya. Alhamis, a koma kan kurakuran da malami ya ja wa jan biro, a sake rubuta su daidai. Juma'a a huta. Asabar, a zauna a yi tsohuwar takardar jarrabawa ɗaya daga farko har ƙarshe, da agogo, ba leƙen littafi. Lahadi a haɗu uku-uku ko huɗu-huɗu a musanya takardu, abin da ya gagara a kai wa malami. Kowa ya ware kaye ɗaya, wato littafin rubutu, na kurakuransa kaɗai. Kuskuren da ka rubuta ka gyara da hannunka ba ya cika dawowa.

Malamai, roƙona gare ku shi ne tsofaffin takardun BEPC na shekarun baya. Ko kwafi ɗaya ne, a rubuta a allo yara su kwafa. Wanda ya saba ganin fuskar takarda ba ya firgita ranar da aka ajiye masa ita. Samari da 'yan matan da suka yi sakandare a gida kuma suna zaune a cikinmu, ku ba da yammacin Lahadi ɗaya. Ni ma na sa sunana.

Iyayena, na san abin da wasunku ke faɗa a zuci: mu da ba mu yi boko ba, ina ruwanmu da "went" da "bought"? Aikinku ya fi na kowa, domin lokacin yaro a hannunku yake. Abu huɗu nake roƙo.

Na ɗaya, ku tsare masa rabin awar nan. Bayan la'asar ya fi, tun da sauran haske. In lokacin ya yi, kada a aike shi, kada a ɗora mata tulu. In dare ne kawai ake da shi, a bar musu fitila mai hasken rana, cajin waya ya jira.

Na biyu, ku ce a nuna muku littafin. Ba sai kun iya karatu ba za ku gane ko shafin yau ya cika ko fari ne. Ku sa yatsa a kan layi ku ce: "Faɗa mini wannan da Hausa." In ya iya mayarwa, ya gane. In ya yi ta inda-inda, kwafa kawai ya yi. Wannan shi ne aikin da nake ci da shi, kuma na tabbata ba a iya fassara abin da ba a fahimta ba.

Na uku, ranar Asabar ku zama masu tsaron jarrabawa. Ku riƙe waya, ku ce "fara", in lokaci ya cika ku ce "ajiye biro". Yara da yawa sun san amsa, lokaci ne yake ƙare musu, saboda ba su taɓa yin aiki da agogo ba.

Na huɗu, 'yan mata. Iyayena mata, ku gafarce ni. Yarinya ta dawo daga lakwal, ga ɗiban ruwa, ga itace, ga raino, ga talla, ɗan'uwanta kuwa yana ƙwallo. In ta faɗi sai a ce ai ba ta da kai, gara a yi mata aure. Ba a ba ta lokacin da za a gane ko tana da kai ba. A raba aikin gida tsakaninsu, a bar ta ta kai 3e ta zana jarrabawarta. Mata nawa ne a nan suka fi son su faɗi ciwonsu ga mace a asibiti, ko su kawo kukansu ofis ta bakin mace? Waɗannan ma'aikatan daga cikin yaran nan za su fito. In kuma rashi ne yake neman sa ku cire yaro daga makaranta, ku zo mu yi magana kafin ku yanke hukunci.

Saura abu biyu da suka shafi ofishinmu kai tsaye. Na farko takardu. Jarrabawar gwamnati tana neman takardar da ke nuna sunan yaro da ranar haihuwarsa, kuma mu da yawa mun fito ba mu ɗauko komai ba. Ga kuma bambancin rubutu: Usman a nan Ousmane ne, Musa Moussa, A'isha Aïchatou. In sunan da ke katinku daban, na rajistar makaranta daban, matsala tana iya tasowa lokacin rajistar jarrabawa ko ranar karɓar sakamako. Duk mai ɗa a 4e ko 3e ya ɗauki katin iyali ya je wurin darakta a gwada sunayen baƙi-baƙi. In an ga saɓani, ko babu takardar haihuwa, ku zo ofis tun yanzu. Gyaran takarda yana cin lokaci, kuma ba a fafe gora ranar tafiya.

Na biyu, akwai yaran da za su zauna da littafi a buɗe amma hankalinsu ba ya wurin. Wasu ba sa barci, wasu ƙara kaɗan take firgita su. Mun san abin da idanunsu suka gani kafin mu iso nan. Wannan ba lalaci ba ne, bulala kuma ba ta maganinsa. Ku kawo su, akwai masu sauraronsu, kuma abin da aka faɗa a ɗakin nan a nan yake tsayawa.

Ƙannena, ranar jarrabawa ku kwana da wuri, ku karya kumallo, ku riƙe biro biyu. Ku karanta umarnin da ke saman kowane sashe kafin ku taɓa takarda. Ku fara da abin da kuka fi sani. In tambaya ta cije, ku wuce ta ku dawo. Ku rage minti goma na ƙarshe don duba "s" da manyan baƙaƙe da kalmomin da suka shafi jiya. Kada ku karɓi takardar satar amsa daga hannun kowa. Wanda aka kama ya yi asarar shekararsa, ya kuma shafa wa sauran 'yan'uwansa baƙin jini a garin da aka karɓe mu hannu bibbiyu.

Yaron da na ba ku labarinsa da farko yana kawo mini layi biyar ɗinsa duk Laraba. Har yanzu yana kuskure, amma ya daina rubuta "yesterday I go". Mahaifinsa, wanda bai san ko baƙi ɗaya na boko ba, shi ne mai riƙe masa agogo ranar Asabar.

Wanda yake son ɗansa ya shiga rukunin Lahadi ya ba da suna wurin shugaban unguwarsa ko a ofishin kariya. Ba a biyan ko dala. Duk wanda ya nemi kuɗi a kan wannan, ku sanar da mu.

Allah Ya ba yaranmu sa'a, Ya saka wa malamansu da masu masaukinmu da alheri, Ya zaunar da ƙasashenmu lafiya.